Rijiyar Gindin Fiya

Shekara arba'in da ɗaya ina gangara kwazazzabo
tun zakara bai gama cara ba,
tulu a ka, goyo a baya,
ƙafata ta san kowane dutse da sunansa.
A tsaunukanmu na Gwatamala
gajimare kan kwana a kan rufinmu,
da safe ya tashi bai bar mana ko kurɓi ba.

Ruwan kwazazzabo kalar kunun masara ne,
alade ya sha a sama, mu mu ɗiba a ƙasa.
In tace da gefen zanena, in tafasa in akwai itace.
Ran da babu itace, sai in ce Allah ya kiyaye.
Ɗana Anastasiyo bai kai yaye ba.
Kwana uku cikinsa na zuba kamar tulu mai huji,
a na huɗu aka ƙera masa akwati
wanda bai fi kamu uku ba.

Sai ga su, a watan da masara ke goyo,
'yan mishan, da mota mai dogon baki irin na sauro.
Fasto Arlen, zanƙalele, rana ta dafa masa wuya ja wur.
Matarsa Marlis na gaishe mu da Kiche mai ɗingishi,
yara na dariya, ita ma tana taya su.
Suka ce ba su zo sayar da komai ba.
Muka yi gum.
Mun taɓa jin haka a bakin masu neman ƙuri'a.

Bayan majami'a suka kafa injin.
Kwana goma sha tara yana gurnani,
ƙarfe na cin dutse, dutse na cin ƙarfe,
ƙura kaɗai ke fitowa, fara fat.
Na ga fasto zaune kan bokiti, hula a hannu,
yana magana da Ubangijinsa ƙasa-ƙasa
kamar mai roƙon a ƙara masa wa'adin bashi.

Tsoho Seferino, mai ƙidayar kwanakin kakanni,
wanda bai taɓa taka ƙofar majami'arsu ba,
ya dogaro sandarsa, ya ce:
"Bango kuke ƙwanƙwasawa, ga ƙofa can.
Bishiyar fiyar nan ba ta taɓa yin yaushi da rani ba.
Wa kuke zaton yana shayar da ita?"
Fasto ya daɗe yana kallon takardar awonsa.
Ya ninke ta.
Ya ce a juya mota.

Kwana shida. Ranar Talata da yamma
ƙasa ta yi tari, ta tofar da laka,
sannan wani abu mai sanyi ya taso, garau.
Marlis ta fashe da kuka.
Fasto ya ɗaga hannu sama, ya ce Yesu ne.
Seferino ya kunna kyandir, ya ce tsauni ne ya yarda.
Ni ban shiga gardamarsu ba.
Na tara hannu biyu,
na hango zanen tafina ta cikin ruwa,
abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni.

Yanzu sun koma garinsu mai ƙanƙara.
Sun bar famfo shuɗi, da aya a jikin siminti,
da jakar sifana a hannun 'yata Ewulaliya,
ita ce likitansa in ya fara kakari.
Wasu sun zama 'yan majami'ar.
Ni in je wata Lahadi, wata in tsaya ga wakena.
Wani sa'in kewar kwazazzabo kan kama ni,
can mata ke sauke tulu su sauke magana;
bakin famfo ya yi kusa da kunnen maza.

Amma jikata haƙoranta huɗu yanzu,
tana cizon duk wanda ya ɗauke ta.

Jiya na cika ƙaramin kofi,
na hau tudun kaburbura a hankali, kada ya zube,
na tsiyaye shi a kan Anastasiyo.
Na ce, ɗanɗana, ɗana.
Ya iso.
Makara kawai ya yi.