Kunne a Jikin Bedi

A gefen hanyar Mai'aduwa, inda kwalta ke karkata
ta bar Daura a baya,
akwai layin bedi da mahaifina ya dasa
shekarar da aka yaye ni.
Malamin daji ne, Sallau mai baƙin keke,
jarka biyu a kariya, ɗaya tana yoyo.
Ya shayar da su kamar marayun tumaki
har suka fi shi tsawo, suka fi rumbu,
suka leƙa bayan katangar makaranta.

Ɗari huɗu da goma sha bakwai.
Na san adadin, don yakan ƙirga su a fili
in barci ya ƙi zuwa.

Bana na koma da littafinsa a aljihu.
Ganye ya yi rawaya tun gero bai fid da kai ba.
A gindin kowace, gari ne lallausa,
kai ka ce wata ta yi tankaɗe ta tashi.
Na manna kunne a jikin ta farko
sai na ji ana ci.
Ƙus, ƙus, ba gaggawa,
cin wanda ya san gidan ya zama nasa.

Ga rubutunsa mai jingina hagu:
"Ƙwaro ya zo bayan girbi. Ɗari ya kashe shi. Alhamdu lillahi."
Layi ɗaya ke nan, shekara bayan shekara.
Ashe sanyin da ke kwantar da tsofaffi gaban murhu
shi ke ratsa ɓawo cikin dare
ya kashe ƙwai tun bai ƙyanƙyashe ba.
Ba mu taɓa gode masa ba.
Mita muke yi, muna cusa man kaɗe a faso.

Yanzu ɗari kan leƙo kwana tara
ya tuna yana da uzuri.
Tsutsa ta ga 'yarta, ta ga jikarta,
duk a rani guda.
Ruwa kuwa ya koyi halin maci bashi:
ya ce gobe, ya ce jibi,
ya juye na wata guda a dare ɗaya, ya ɓace.

Itace mai ƙishi ba ya iya kuka.
Dakwarar bakin fadama, da can in an huda ta
sai ta cika ramin da ƙaro,
ta binne ɓarawon da ransa.
Jiya na ƙirga huda sittin a jikinta,
ko ɗigo babu.

Kauci ya hau gawo ya yi zaman dirshan.
Wani farin abu kamar auduga ya lulluɓe mangwaron Inna Dije,
yara ma sun daina jifa.
Barmo masassaƙi ya jingine gizago, ya ce da ni:
"Itacen bana ba ya turmi.
Kana sara, ka iske an riga ka ciki."

Ma'aikata sun zo da farar mota,
sun ɓare ɓawo sun jefa a kwalba.
Wata mai tabarau ta ce,
"Ba baƙo ba ne, Malam, tare kuka girma.
Zafi ne ya buɗe masa ƙofa."

Na bi layin har la'asar sakaliya ina taɓa kowace.
Ɗari biyu da shida.
Na rubuta a ƙarƙashin nasa, hannuna bai kai nasa kyau ba,
na rasa abin da zan ƙara, na bar wurin fili.

Baba, iri ɗaya ka jera,
mai ci ya kama daga farko har ƙarshe bai sauya miya ba.
Ba laifinka ba ne, sanyinka ka amince wa.
Ni aduwa zan sa, da kurna, da magarya mai faɗa,
in cakuɗa su yadda hanya za ta ɓace masa.
Ko za su yi, Allah masani.

Na fito da keken daga zaure, na liƙe jarkar da ƙaro na kasuwa.
Ƙaramar 'yata Talatu ta riga ni wurin,
kunnenta a jikin bedi,
ta ɗaga mini yatsa wai in yi shiru.