Jan Ɗigo a Aboabo

Ƙarfe biyun dare nake naɗa,
sa'ad da Aboabo ta ajiye muryarta,
injin niƙan Opoku ya huce,
yaron torotoro na ƙarshe ya daina kiran Kejetiya.
In rataye bargo a taga,
in sa wa makirufo tsohuwar safa,
in danna.
Jan ɗigo ya buɗe ido a kusurwa.

Fuskata ba ta shiga.
Allo ne kawai, da muryata,
da 'yar farar kibiyar nan
mai yawo kamar ƙuda a bakin faranti.
Na yi mata rawani rawaya
don kada ta ɓace wa mai kallo.

Darasi na bakwai: lissafin adashi a jadawali.
Suna a hagu, rana a sama,
sidi kowanne a ɗakinsa.

Sau goma sha ɗaya na maimaita.
A na uku aka ɗauke wuta.
A na biyar saƙon ƙanwata ya faɗo tsakiyar allo:
"Yaya, gawayi ya ƙare."
A na takwas zakaran maƙwabta,
wanda bai taɓa sanin agogo ba,
ya sa baki.

Da asuba na ɗauki almakashin manhaja.
Na datse tari, na datse in-ina,
na datse duk inda yatsana ya zame.
Minti arba'in ya koma shida,
sumul kamar ƙwai.

Na kai wa Hajiya Barkisu.
Shekara talatin tana zaga kasuwa da jaka a hammata,
mutum ɗari da ashirin a kanta,
sauran a littafin da gumi ya cinye gefensa.
Ta gyara tabarau, ta kalla sau biyu
tsakanin mai barkono da mai silifa,
sannan ta miƙo mini wayata
kamar mai mayar da canjin da bai cika ba.

"Mutawakilu, wannan hannun aljani ne.
Bai taɓa tuntuɓe ba.
Ni shekaranjiya na taɓa wani abu,
zubin Akosua na wata uku ya ɓace ɓat.
Ban runtsa ba.
Ka nuna mini hanyar zuwa,
ba ka nuna mini inda ake juyowa ba."

Na hau mota ban ce uffan ba.
Har Aboabo ina tauna maganar
kamar ganda.

Washegari da rana tsaka na naɗa.
Na cire bargon.
Injin Opoku na ta ruri,
wata na tallan koko da ya kwantai,
yara na dukan ƙwallo a bangon ɗakina.
A minti na huɗu, ba da gangan ba,
na share layi guda, sunan mutum da guminsa.
Na ce, "Kash!"
Hannuna ya nufi almakashi,
na riƙe shi.
Na ce, "To, ga shi mun yi ɓarna.
Kada ki rufe komai. Ja numfashi.
Ga maɓalli biyu nan ƙasa, a hagu,
danne wannan, taɓa wancan."
Layin ya dawo
kamar akuyar da ta san gida.

Minti goma sha tara, ban yanke ko ɗaya ba.

Ranar Laraba na bi ta layin masu kifi.
Cikin hayaƙi da ciniki
sai na ji muryata daga wata rumfa: "Kash!"
Aka mayar baya.
"Kash!"
Mata uku sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna dariya,
Hajiya Barkisu a tsakiya,
tsohuwar kwamfutar jikanta a cinya,
yatsa biyu masu jan lalle a kan maɓallan.
Tana share Akosua,
tana dawo da ita,
tana share ta,
Akosua kuwa na tsaye a kanta
ta riƙe ƙugu.