Loto Mai Lamba Tara

Baba Yashim ya ɗaure igiya a gindin ɗorawa,
ya tofa yawu a tafinsa, ya ce in fara da ƙafar dama.
Ban tambayi dalili ba.
Bayan Godogodo ne, inda hanyar mota ta gaji ta bar wa awaki,
inda gamba ta rufe bakin ramin yadda gemu ke rufe tabo.

Gaba goma sha biyu muka sauka.
Da na ɗaga kai, rana ta koma hujin anini.
Sanyin ƙasa ya kama ni a idon sawu, irin na gindin randa,
jemagu suka watse mana a fuska, masu gida ba su san da baƙi ba.
Wani wuri can ciki ruwa yana ɗiga, ɗis, ɗis,
kamar akawun da ba a gaya masa an rufe kamfani ba.

A durƙushe ake tafiya a nan.
Tocilata ta faɗa kan bakin diga, gara ta cinye ƙotar,
ga kwanon sarki da tsatsa ta mayar rariya,
ga kwalbar aci-balbal, lagwaninta har yanzu a wuya.
Na shafa bango, sai na ji zane a ƙarƙashin yatsa:
kara huɗu a tsaye, na biyar ya gitta su,
haka, haka, har inda hannuna bai kai ba.
Wani ne bai yarda da littafin ofis ba,
ya buɗe nasa a jikin dutse.

Kakana Maisamari ya shigo nan lokacin yaƙin Bama,
ɗiban gwamna, mutum uku daga kowace unguwa.
Wata huɗu aka ce. Ya koma gida da tari da sule biyu,
bai ƙara kwana ɗaki a rufe ba, ko da damina.
In an tambaye shi kuza, sai ya ce a miƙo masa ruwa.
Iyakar tarihin da aka bar mini ke nan,
shi na zo in auna da tsawon ramin.

A wata kwana hanya ta ƙare, ƙasa ta cika ta har rufi.
Baba Yashim ya zauna, ya cire hularsa.
Ya ce, bakwai ne a bayan nan.
Ranar Asabar ce, ana jiran biya.
A takarda an rubuta sun gudu,
wanda ya gudu kuwa ba ya bin kowa ko sisi.
Na ce, wa ya faɗa maka?
Ya daɗe yana murza hular.
Ya ce, wanda ya dangwala hannu a takardar. Shi ne helumansu.
Shi ya haife ni.

Na kashe tocilar, ban san me ya sa ba.
Duhun nan ba irin na dare ba ne, yana da nauyi,
yana zama a kan ƙirji kamar buhun gero.
Ina jin numfashinsa, yana jin nawa,
jikan lebura da ɗan heluma,
igiya ɗaya ke jiranmu.

Shi ya fara hawa, ya miƙo mini hannu daga sama. Na kama.
A waje, samari uku da sabon shebur sun tare mu,
ko mun ga wani abu mai ƙyalli a ciki?
An ce yanzu wani dutse ake saye, na batirin waya.
Baba Yashim ya ce babu komai sai kashin jemage.

Da dare na zazzage takalmina a tsakar gida.
Baƙin yashi ya zubo, ɗan kaɗan, mai nauyi fiye da girmansa.
Na tattara shi a gwangwanin madara,
na bar ƙofar ɗakina a buɗe.