Shida Ta Zama Bakwai

A zauren mahaifina, can Domayo,
inda darbejiya ke zubar da 'ya'yanta kan tabarma,
littafin tsarki da na hisabi akwati ɗaya suke kwana,
gara ɗaya ke neman su.

Malam Hamajoda bai taɓa ɗaura agogo ba.
In rana ta karkata sai ya ce, "Dija, fita ki tsaya."
In fita, ƙasa na gasa mini tafin sawu,
in auna inuwata, diddige na bin yatsa.
"Bakwai, Baba, ban da guntun da ta bari da tsakar rana."
"To la'asar ta shigo. Kawo buta."
Ban san sunan abin da nake yi ba,
na dai san da tsawona ake kiran salla.

Da dare ɗalibai su rufe babin alwala,
ya fitar da su tsakar gida.
Ga Kaza can da 'ya'yanta.
"Ku ƙirga," in ji shi. Wani ya ce shida,
wani ya rantse bakwai ne.
"Kada ka rantse. Sake dubawa."

Shekarar da Mayo Kaliyau ya cika har ya taɓa gada
aka yi rasuwar Dudu mai ƙosai.
Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar iyaye ba,
sai miji, da 'yan'uwa mata biyu, ciki ɗaya,
da buhu goma sha huɗu na masakwa.
Bakari ya ce rabi nasa ne, an faɗa masa.
Asta da Kingi suka ce kashi biyu cikin uku,
su ma an faɗa musu.
Kowa da gaskiyarsa, buhunan ba su kai ba.

Baba bai ɗaga murya ba.
Ya share yashi da gefen hannu,
ya jera ƙwallon dabino.
"Asali shida ne. Uku naka, huɗu naku.
Nawa ke nan?"
Shiru. Ni da ke bayan asabari bakina ya suɓuce:
"Bakwai."
"Kun ji. Tunda shida ta kasa, sai mu buɗa ta.
Kowa ya ɗan matsa, tabarma ta ɗauke mu duka."
Buhu shida ga Bakari, huɗu huɗu ga matan.
Kingi ta tafi tana ƙunƙuni,
amma ta dawo ran sadakar uku da tulun kunu.

Yau ni ke riƙe da alli a lise,
yara tamanin, benci na talatin.
Ina rubuta kaso bisa kaso da Faransanci,
suna kwafa kamar masu biyan haraji.
Jiya wani ya ɗaga hannu:
"Madam, wannan ilmin na Turawa,
ina zai kai ni?"

Na so in ba shi amsa mai tsawo.
Sai na duba taga, na ga rana ta karkata.
Na ce, "Cire takalmi. Fita ka tsaya."
Aji ya ɗauki dariya. Ya fita.
Ya auna, ya ɓata, ya sake daga farko.
Bai gama ba ladanin unguwa ya ɗaga murya,
ya juyo yana kallona, ƙafa ɗaya a sama.

Akwatin yana ɗakina har yanzu.
Gara ta cinye shafin farko na hisabi
da rabin babin taimama.
Ƙwallayen dabinon kuwa suna cikin gwangwanin madara.
Na ƙirga su sau da yawa, shida nake samu.
Ban san wanda ya tafi da ɗayan ba.