Mai Gadin Rijiyar Istanbul

Ƙarfe takwas Nevzat ke sauka
matakala hamsin da biyu ƙarƙashin gari,
inda ginshiƙai ke tsaye cikin ruwa
kamar masu jiran kwale-kwale tun zamanin Rumawa.

Shekara goma sha tara yana nan.
Ya san ɗigon da ke faɗowa bakin ƙofa,
ya san mai jinkiri, kamar mai bin bashi mai kunya.

Baƙi su zo da harsuna iri-iri,
su yi cirko-cirko gaban sassaƙen nan da aka kifa,
mace mai gashin macizai, kai a ƙasa,
ta ɗauki ginshiƙi a wuya, ba gammo.
Su ɗau hoto, su jefa sulalla, su tafi.
Ba mai ce mata sannu da kaya.

Shi yakan ce,
bayan an kashe fitilu,
kafin ya hau ya sayo wa Gülizar burodin riɗi,
ita da kullum ke tambaya,
"Baba, yau ma an yi ruwa a can?"

"An yi, 'yata.
Can ƙasa damina ba ta wucewa."