Darasin Alhamis a Tawa

Ran Alhamis, bayan la'asar,
mukan tura gadon awo gefe,
mu jera kujeru gaban tele.
Mu bakwai ne, likitocin Adar,
masu furfura sun koma ƴan lakkol.

Bisa rufi akwai wani kwano,
ba na tuwo ba, ba na awon gero ba,
baki buɗe yana roƙon sama.
Magana takan tashi daga Yamai,
ta hau can inda ko shaho bai zuwa,
ta sauko mana nan, dab da ɗakin haihuwa.

Mai koyarwar na san ta.
Haƙila ce, ƴar ajinmu,
wadda nake ara wa littafi
shekara ashirin da suka wuce.
Yau ita ke cewa "ku rubuta,"
na kuwa rubuta.
Girman kai bai tsai da jini.

Tana bayanin mace in ta sauka
jini ya ƙi jin magana,
ga shi babu na ƙari a firij:
roba, da tiyo, da ruwan gishiri,
a cika a cikin mahaifa...
Sai hadari ya taso daga Kalfu,
fuskarta ta farfashe kamar tulu,
bakinta ya tsaya a kan adadi.

Tankari mai gadi ya kafa tsani.
"Dama kaɗan! Koma! Tsaya nan!"
Muna ihu ta taga,
shi yana murɗa kwano cikin yayyafi,
har tantabara ta bar masa sheƙarta.
Haƙila ta dawo. Ta faɗi adadin.
Na rubuta shi a bayan hannuna,
don takardata ta jiƙe.

Kwana tara bayan haka,
ƙarfe biyun dare, kuran ya ɗauke,
aka kawo wata daga Barmu,
zanenta ya yi nauyi da ja.
Majo Asumane ya riƙe tocila da haƙori.
Tawada ta daɗe da wankewa,
amma hannun bai manta ba.

Da asuba ta nemi kunu.

Ban faɗa wa Haƙila ba.
Tauraron nan kawo saƙo ya iya, bai maidawa.
Tankari kaɗai na gaya wa.
Ya ɗaga kai ya dubi kwanon,
ya ce, "To, gobe in ƙara ɗaure shi da waya."