Biskit ɗin Kaka Einar

A Duluth, inda tafki ya yi faɗin teku,
jiragen dakon tama ke kuka tun asuba,
nan kakana Einar yake, tsoho mai hannun jarirai.
Safarsa faci kan faci,
ganyen shayi ɗaya sai ya yi wanka uku,
fitilar ƙofa ba ta ganin dare sai da baƙo.
Amma ran Juma'a da yamma
sai ya ja hular ulu har kunne,
ya tuƙa tsohuwar motarsa mil ashirin cikin dusar ƙanƙara
zuwa gonar Tuominen, don man shanu kawai,
mai launin ƙwaiduwa da ƙanshin ɗanyar ciyawa.
Ba ya tayi. Shi da ke taya allura!

Cakulan ma ba ya sayen 'yan ƙwayoyin cikin leda.
Sanda guda yake ɗaukowa, baƙa, mai ɗaci-ɗaci,
ya kwantar kan katako ya bi ta da wuƙa,
wani gutsure kamar tsakuwa, wani kamar ƙura.
"Marit," in ji shi, "harshe ba ya son
a faɗa masa magana ɗaya sau biyu."

Man ya narke, ya yi kumfa, ya yi tsit,
ya koma ruwan zuma, ɗaki ya ɗau ƙanshin soyayyar gyaɗa.
Jan sukari, farin sukari,
ƙwai biyu da ƙwaiduwa ɗaya,
fanila cokali guda, sai hannu ya zame da gangan.
Fulawa kan sikeli, ba da ka ba.
Sannan ƙullin ya kwana a firji.
Ina ƙunƙuni, yana cewa
wanda ya jira wata uku ƙanƙara ta saki jirgi
dare ɗaya ba zai kashe shi ba.

Shekarar da na cika sha bakwai gwiwa ta kayar da shi.
Ya ƙirgo kuɗi sau biyu, ya miƙo min makulli.
Ban je gona ba.
Kantin kwana na tsaya, na sayi man roba mai araha,
na naɗe shi a tsohuwar takardar Tuominen,
canjin ya zama jan baki da tikitin silima.

Tanda ba ta iya rufa asiri ba.
Biskit ashirin da huɗu suka baje, suka haɗe,
faranti ya zama tafki ɗaya, sirit, mai maiƙo.
Ya ɓalli gefe. Ya tauna. Ya daɗe yana taunawa,
idonsa kan gadar ƙarfe can ƙasan tudu.
Na jira tsawa.
"Saniyar Tuominen ba ta da lafiya," ya ce.
"Gobe ki je ki gaishe ta."
Ya sake buɗe jakar kuɗin.
Ƙarar zif ɗin nan har yau tana min zafi.

Yanzu hannunsa na rawa, ni ke riƙe wuƙa,
shi yana kan kujera yana gadin agogo.
Minti goma sha ɗaya, kar a ƙara:
gefe ya yi ja, tsakiya da sauran laushi,
cakulan na ƙyalli kamar kwalta bayan ruwa.
Sai ɗan gishiri mai ɓarzo daga sama,
wanda ya ce shi ke tashin zaƙi daga barci.

Shida na Lorne mai ɗaga gada,
shida na matar da ke share mana ƙanƙara,
sauran a tsohon gwangwani mai hoton jirgi.
Ya ƙirga da yatsa, ya sake ƙirgawa.
"Ashirin da uku. Ina ɗaya?"
Na ce ban sani ba.
Ya dubi gefen bakina,
ya miƙo min tsumma.